Yadda ake raba wa yara aikin gida da tsara musu kuɗin kashewa a Legas

Kafin a miƙa wa yaro tsintsiya ko a danƙa masa naira ɗari biyu, uwa da uba su fara zama su yanke magana ɗaya: wane aiki ne na gida da ba a biyan kowa a kansa, wane ne kuma na lada. Yawancin rigimar da ake yi da yara a kan aiki da kuɗi daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa. Gidan da aka saba da "wanke kwanukan nan in ba ka hamsin", ba a cika wata uku sai an ji yaro yana tambayar nawa za a ba shi kafin ya ɗauke kofin da shi da kansa ya sha shayi. Ranar kuwa da kawunsa ya zo daga Kano ya ba shi dubu biyu, ranar zai ajiye aiki, don ya fi ƙarfin hamsin ɗinku.

Saboda haka a raba abin gida uku. Akwai aikin da yaro ke yi domin a gidan yake ci yake kwana: gyaran shimfiɗarsa, shara, wanke-wanke, aike. Wannan ladansa "Allah ya yi maka albarka". Akwai kuɗin kashewa da ake ba shi a rana tsayayyiya don ya koyi riƙon kuɗi, ko ya yi aiki da kyau a makon ko ya yi sakaci. Sai aikin lada, wato aikin da da ma wani za a biya ya yi, kamar wanke mota ko babur. Wannan ake ciniki a kansa kafin a fara.

Mataki na farko: a rubuta aikin da ke gidan

A ɗauki takarda a zagaya gidan, a rubuta duk abin da ake yi daga asuba zuwa kwanciya, da wanda ake yi sau ɗaya a mako. Iyaye da yawa sai sun rubuta suke ganin cewa kusan duk aikin yana kan uwa da babbar 'yarta, sauran suna kallon talabijin.

Zaman Legas yana da nasa ayyukan. Wanda ke haya a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Ijora, a irin gidan nan mai ɗakuna suna fuskantar juna da banɗaki ɗaya na kowa, ya san akwai layin sharar baranda, wanke makewayi da kwashe kwata da ke zagayowa kan kowane ɗaki. Akwai tarar ruwa idan mai gida ya kunna famfo, ko jiran mai ruwa da kurarsa. Akwai fitar da shara ranar da motar 'yan kwangilar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, ke zuwa layinku. Akwai gudun kwashe shanya idan hadari ya taso. Duk a saka su.

Sai a duba lokaci, don a nan tsarin mutane da yawa ke rushewa. Yaron da zai bar gida kafin bakwai saboda cunkoson hanya, ya dawo uku ko huɗu, ya wuce Islamiyya har kusan magariba, sannan ga aikin makaranta, ba shi da awa biyu na aikin gida. A ranakun makaranta minti goma da safe da minti ashirin zuwa talatin da yamma sun isa. Manyan ayyuka, wanki da guga da goge-goge, a bar su zuwa Asabar ko Lahadi, a kauce wa lokacin hadda idan Islamiyyarsu tana yin ta ƙarshen mako.

Wane aiki ya dace da wane yaro

Ɗan shekara 3 zuwa 5 aikinsa na koyon tsari ne kawai: ya mayar da kayan wasa kwali, ya jera takalma a bakin ƙofa, ya kai kofin roba wurin wanke-wanke, ya saka kayansa masu datti a kwando. Ba zai yi daidai ba, kada kuma a gyara a gabansa.

Daga 6 zuwa 8 ya iya naɗe tabarma ko gyara katifa, share ɗaki, ɗauraye kwanukan roba da na silba, tsince wake da shinkafa, wanke safarsa da singiletinsa, goge takalmin makaranta, cika butoci kafin sallah. Wannan shekarun ne ake umartar yaro da sallah, shi ya sa ya fi sauƙi a ɗaura aiki a jikin lokutanta. "Bayan la'asar ka yi shara" ya fi zama a kan yaro fiye da "ƙarfe huɗu", musamman a gidan da agogon bango ya daɗe da tsayawa.

Daga 9 zuwa 12 ne ƙarfin aikin yake: cikakken wanke-wanke har tukwane, wankin kayan makaranta, goge tayil ko siminti, gyaran kayan miya, kai markaɗe idan injin yana cikin layi, dafa abu mai sauƙi kamar shayi, ƙwai ko indomi babba yana tsaye. Daga 13 zuwa sama sai girki sosai, guga, cefane, wanke banɗaki, karanta mitar wuta ya faɗi saura nawa, har ya loda katin idan an saya.

Maza da mata duka. Wannan maganar tana ɗan sosa wa wasu iyaye maza rai, amma yaron da ya tashi a Legas akwai yiwuwar zai zauna shi kaɗai a ɗakin makaranta, ko wurin koyon sana'a, ko shago a Alaba Rago, kuma babu ƙanwar da za ta bi shi da soso. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi ya fita. Wanda kuma ke riƙon ɗan ɗan'uwa ko 'yar da aka kawo daga gida, sunanta ya shiga takarda ɗaya da na 'ya'yan ciki, da rabo daidai da shekarunta. Idan ita ce ke tashi da asuba sauran suna barci, yara sun riga sun koyi darasin da ba a yi niyyar koya musu ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba a matsayin ɗan aikin gida.

Yadda ake koyar da aikin

"Je ki gyara kicin" umarni ne da ba shi da kai. Yarinya 'yar tara ba ta san inda gyaran ya fara da inda ya ƙare ba. Kowane sabon aiki ana bin hawa huɗu: babba ya yi yaro yana kallo, su yi tare, yaro ya yi babba yana kallo bakinsa a rufe, sannan yaro ya yi shi kaɗai a zo a duba. Kowane hawa kwana biyu ko uku. Kada a koyar da aiki biyu a mako guda.

Ɗauki wanke-wanke, tunda shi ne aka fi faɗa a kansa. A gidan da ake sayen ruwa, baho biyu ake ajiyewa, kowanne da ruwa kamar lita huɗu zuwa biyar, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya. Kafin komai ya taɓa ruwa, a kankare ragowar abinci a leda. Wanda ya tsallake wannan, ruwan kumfarsa zai koma miya tun a kwano na uku, shinkafar kuma ta tafi kwata ta kira ɓeraye. Tukunyar tuwo da mai ƙanzo a zuba musu ruwa a ture gefe su jiƙa. Sai a fara da abin da ya fi tsabta: kofuna, cokula, farantai, kwanukan miya, tukwane a ƙarshe. Kwanon da manja ya kama, a fara goge shi da tsohuwar takarda, in ba haka ba sabulun rabin mako zai tafi a kansa. Wuƙa ba ta shiga cikin kumfa inda ido ba ya ganinta. A gefe ake ajiye ta, babba ya wanke ko yaron da ya kai goma. A kife komai a kwando ya tsane, a matse soso a rataye shi, a zubar da ruwan a kwata, ba a baranda inda maƙwabciya za ta zame ba. Aikin bai ƙare ba sai an share wurin. Idan an gaya wa yaro wannan tun farko, ya san abin da ake nufi da "na gama".

Dubawa tana da ladabinta. A fara da abin da ya yi kyau, a nuna gyara ɗaya tak: "Kofunan nan sun fita tas. Taɓa bayan farantin nan, kin ji maiƙo? Sake masa." Idan uwa ta karɓe soso tana mita ta sake wanke komai, ta koya wa yarinyar cewa wanda ya yi aiki a banza ana ɗauke masa shi.

Ruwa, wuta da magunguna

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar mai ruwa ta lita 25 kenan kilo 25, kusan nauyin ɗan shekara takwas shi kansa. Yaron firamare ba ya ɗaukarta, balle ya hau bene da ita. A ba shi galan na lita 5 ko ƙaramin bokiti, ya yi sahu uku. Rijiya kuma, ƙaramin yaro ba ya ja shi kaɗai, kuma duk wanda ya buɗe murfi shi zai mayar. Gidan da ke da mai rarrafe ko ɗan tatata, bokiti da baho ba sa kwana da ruwa a buɗe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri idan ya faɗa da ka.

Akwai aikin mako da ya dace da ɗan shekara bakwai zuwa goma, kuma yana da amfani fiye da yadda ake zato: ya zagaya ya kife duk abin da ya tara ruwan sama, gwangwani, tsohuwar taya, murfin bokiti, ya tabbatar duro a rufe yake. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma yake ɗauka, don haka zagayen kowace Asabar yana yanke masa hanya.

Wanki a daminar Legas, musamman watan Yuni da Yuli, sai da dabara. Kayan makaranta a wanke su Juma'a da yamma, kada a jira Lahadi, domin suna iya kwana biyu ba su bushe ba, su yi warin danshi. A shanya a igiya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a tufafi mai danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru, guga mai zafi ce ke kashe ƙwan. Guga kuwa daga shekara 13, da sharaɗi guda da za a maimaita har ya gaji da ji: idan an ɗauke wuta kana cikin guga, zare soket kafin ka motsa. Dutsen guga da aka manta a kan kaya, wuta ta dawo babu kowa a ɗaki, yana daga cikin sanannun hanyoyin tashin gobara.

Wasu ayyukan ba na yara ba ne ko da sun nuna sun iya. Zuba fetur a janareta, ɗaura kan tukunyar gas, fesa maganin sauro mai ƙarfi ko zuba na ɓera, sauke tukunyar ruwan zafi ko ta mai daga wuta. Wajen wanke banɗaki, babba ne ke auna bilic, kuma a gaya wa yaro dalili: ba a haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da ruwan wanke masai irin Harpic, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, ga banɗakin haya yawanci babu taga ta kirki. Kananzir da bilic ba sa shiga robar lemo. Lambobin gaggawa na jihar Legas, 112 da 767, a rubuta su a ƙasan takardar aikin.

Aike

Aike a Legas ba kamar aike a cikin unguwa a Zariya ko Katsina ba ne. A shata wa kowane yaro iyaka da sunan wuri: kai shagon bakin layi ne iyakarka, ke har injin markaɗe. Wanda bai kai goma ba ba ya tsallaka babban titi. Ko babba ne, titin Ikorodu a Mile 12 ko babbar hanyar Abeokuta ta gadar masu tafiya a ƙasa ake haye su, layin dogo na Agege kuma ba wurin yanke hanya ba ne, don jirage suna bi. Bayan magariba aike ya koma kan manya. Ya haddace lambar wayar uwa da ta uba. Idan maƙwabci zai aike shi, ya fara shigowa ya faɗa, kuma ba ya shiga ɗakin kowa don karɓar kuɗin aike, a bakin ƙofa yake tsayawa.

Canji yana dawowa cif, ko naira hamsin ce. Yaro ya faɗi abin da ya saya, nawa, saura nawa. Idan ana so a bar masa, bayan ya miƙo ne za a ce "riƙe". Barin canji ya narke a aljihu ba tare da magana ba shi ne mafarin ƙara farashi a kan kuɗin maggi.

Takardar rabon aiki a manna ta a bayan ƙofa: suna, aiki, lokaci. A riƙa juyawa duk Asabar don kada wanke tukwane ya zama gadon mutum ɗaya. Yara suna iya musanya a tsakaninsu, amma su sanar tukuna, in ba haka ba babban wa zai sayar wa auta duk aikinsa da alawa biyu.

Yanzu maganar kuɗi

Kuɗin mota da kuɗin tara, wato na cin abinci a makaranta, haƙƙi ne, ba sa cikin kuɗin kashewa, kuma ba a taɓa su da sunan horo. Yaron da aka hana kuɗin mota zai taka a ƙasa ko ya roƙi wanda bai sani ba ya rage masa hanya. A lissafa su daban, da farashin yau: a tambayi abin da keke ko danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ke karɓa zuwa makarantarsa da dawowa, a ƙara ɗan abu saboda ranar ruwan sama da direbobi ke ƙara kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 lissafin bara ba ya aiki bana, don haka a sake dubawa farkon kowane zangon karatu. Idan hanyarsa ta manyan bas ɗin BRT ce, loda katin Cowry da ake biyan kuɗin mota da shi ya fi ba shi tsaba, domin kati ba ya sayen gyaɗa. Babban yaro kuma a ɗinke masa ko a ɓoye masa kuɗin mota na sahu ɗaya a cikin jaka, na ranar da ya yar da nasa, ba na kashewa ba.

Kuɗin kashewa shi ne ɗan abin da ke kan wannan, wanda yaro ke da ikon yin shawara a kansa. Ana farawa idan ya iya ƙirga kuɗi ya gane canji, wajen shekara 6 ko 7. Nawa? Babu adadin da ya dace da kowane gida, amma akwai ma'auni biyu. Na farko, abin da za ku iya bayarwa ko a makon da kasuwa ta yi sanyi, don ɗari biyar da ba ta fashi ta fi dubu biyu ta yau akwai gobe babu. Na biyu, ya ishe shi sayen ƙaramin abu biyu ko uku a mako, amma kada ya ishe shi duk abin da ransa ke so. Idan kuɗin ya isa komai, babu zaɓi, babu kuma abin da ya koya. Hanya mai sauƙi ita ce a yi mako biyu ana rubuta duk ɗari da hamsin da ake ba shi na biskit, alawa da fiya wata, a raba biyu. Wannan adadin da ma yana fita daga aljihunku, yanzu tsari kawai za a yi masa.

Tazarar biya tana tafiya da shekaru. Ɗan 6 zuwa 8 kullum ko bayan kwana biyu, domin mako a wurinsa shekara ce. Ɗan 9 zuwa 12 duk mako. Ɗan babbar sakandare duk wata, a kuma ɗora masa wasu buƙatunsa a ciki, kamar aski, data da man shafawa, ya san idan ya cinye a mako na biyu da gashinsa zai zauna. Ranar biya ta zama ɗaya. Lahadi da daddare ta fi Juma'a, don kuɗin Juma'a ba ya ganin Litinin.

A biya da ƙananan takardu. Wannan yana neman shiri, tunda canji a Legas sai an nema. A riƙa tara 'yan ɗari da ɗari biyu a ambulan tun cikin mako. Dalilin shi ne rabo. A ce kuɗin mako naira 1,000 ne: 500 na kashewa, 400 na asusu, 100 na sadaka da zai kai masallaci ranar Juma'a ko ya ba mabuƙaci da hannunsa. Idan takardar dubu guda aka miƙa masa, rabon ya tsaya a baki. Naira 400 a mako goma sha uku, wato kusan zango ɗaya, ta zama 5,200. A yi wannan lissafin tare da shi a takarda, ya faɗi abin da yake tarawa domin shi, ƙwallo ne, agogo ne, ko gyalen sallah, a je a tambayo farashi, a ƙirga makonni. Tari babu buri yara ba sa jure masa. Uban da ke da hali yana iya cewa duk abin da aka tara zuwa ƙarshen zango zai ƙara rabinsa a kai.

Asusu na katako ko na gwangwani yana da kyau, amma a fasa shi duk ƙarshen zango. Danshin Legas yana sa kuɗin takarda su yi fumfuna su manne, ga kuma tsadar kaya da ke cin darajar abin da aka ajiye. Waɗanda suka tara 'yan ɗari biyu, ɗari biyar da dubu a gwangwani sun ga tashin hankali lokacin canjin kuɗi na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Abin da ya taru da yawa a kai banki. Bankuna suna buɗe asusun yara da sunan yaro a ƙarƙashin kulawar iyaye, yawanci da takardar haihuwa, hoto da shaidar uba ko uwa. A je da shi, ya ga an ƙirga, a nuna masa alat.

"Kawo in ajiye maka" ita ce kalmar da ta fi kashe wa yara sha'awar tari, domin kowa ya san inda barka da sallah ke tafiya idan ta shiga hannun Umma. Idan za a ajiye, a sami ƙaramin littafi: kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita, saura. Idan gida ya matsu aka taɓa, a gaya masa, a rubuta bashi ne, a faɗi ranar biya, a kuma biya. Kuɗin sallah da na baƙi, a bar masa kashi ɗaya cikin huɗu ya yi yadda yake so, sauran ya shiga littafi.

Aikin lada kuma a yi masa farashi tun kafin a fara, ƙasa da abin da za a biya na waje amma ba na wulakanci ba, a biya da zarar an duba aikin. Wanke mota, goge fankoki da tagogi, jera kaya a shagon uba ranar Asabar, tara robobin ruwa da gwangwanin lemo a buhu a sayar wa 'yan gwangwan idan sun biyo layi. Iyakarsa gida da shago, a gaban babba. Ɗora wa yaro tire ya bi motoci a go-sulo wani abu ne daban, dokar kare haƙƙin yara ta jihar Legas ta 2007 ta hana, kuma haɗarin mota da na mutanen banza ya fi ribar nesa ba kusa ba.

Inda abin ke lalacewa

Kuɗi ya ƙare ranar Talata, yaro ya zo yana marairaicewa. Amsar ita ce, "Ayya, sai Lahadi kuma." Babu faɗa, babu ƙari. Abinci yana gida, kuɗin mota yana nan, babu abin da zai same shi illa kallon abokai suna shan alawa, kuma wannan kallon shi ne karatun. Sai dai idan Abba ya hana, Umma ta zaro daga bakin zani, ko Hajiya kaka ta cika masa aljihu, an koma gidan jiya. Dole manyan gida su zama baki ɗaya. Kaka ba a hana ta kyauta, roƙonta ake ta riƙa cewa "je ka saka a asusu".

Yaro ya ƙi aikinsa. Kada a yanke kuɗin mako, domin yin haka ya mayar da aikin gida na kuɗi ta bayan gida. A haɗa sakamakon da aikin kansa: ba a kunna talabijin, ba a fita ƙwallo, ba a taɓa waya sai an gama. Wanda bai kai kayansa kwandon wanki ba, shi zai wanke abinsa. Kafin a kira shi malalaci kuma a duba ko aikin ya fi ƙarfinsa, ko ba a koya masa ba, ko lokacin ne bai dace ba. Yaron da ya sha zaman mota awa ɗaya da rabi yana buƙatar ya ci abinci ya huta kafin a nuna masa tsintsiya. Lokacin jarrabawa da azumi a rage aikin, a faɗa a fili cewa ragi ne na ɗan lokaci.

Ya fasa faranti yana wanke-wanke: kuskuren aiki ne, ba a cire masa ko sisi, in ba haka ba gobe zai ɓoye fasassun a bayan duro. Ya fasa gilashin maƙwabci da ƙwallo bayan an hana shi buga ta a baranda: ya je ya ba da haƙuri da bakinsa, ya kuma biya wani kaso daga kuɗinsa, kamar rabin na kashewa na mako huɗu, iyaye su cika.

Ƙanana suna ƙorafin an fi ba Yaya. A bayyana ƙa'idar sau ɗaya a gaban kowa: kuɗi da aiki tare suke hawa da shekaru, idan ka kai shekarunsa za ka karɓi irin nasa, ka kuma karɓi wanke banɗakinsa.

Wanda ya fi buƙatar sa ido shi ne ɗan sakandare mai waya. Shagunan cacar ƙwallo da ta lamba sun cika unguwanni, cacar ma tana cikin wayar, duk da doka ta hana wa wanda bai kai 18 ba. Alamominta: kuɗin wata ya ƙare a kwana uku babu abin da aka saya, ko kuɗi ya bayyana da ba a san tushensa ba, ko yawan rance wurin ƙanne. Haka idan yarinya ta shigo da abin da kuɗinta bai kai ba, a tambaya cikin natsuwa, a ranar. Idan ta waya ake tura masa kuɗi, sharaɗin tun farko shi ne duk ƙarshen wata za a zauna tare a buɗe tarihin shige da ficen asusun, kuma ba ya ba wani aboki lambar asusunsa a turo kuɗi ta ciki, domin idan kuɗin damfara ne, mai asusun ake fara nema.